Gidan kan dutse a Aburi: jari ne ko wurin shan iska?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan mota a Abossey Okai cikin Akra, gidana kuma yana unguwar Madina. Wani dillali ya kai ni wani gida mai ɗaki uku a kan dutse, kusa da Aburi, daga barandarsa ana hango Akra gaba ɗaya. Dala 120,000 suke nema. Ya ce in na sa shi a Airbnb, manhajar da baƙi ke kama masauki ta intanet, dala 100 kowane dare, kwana 20 a wata, cikin shekara biyar kuɗina sun dawo, ga shi ni da iyali mun samu wurin hutawa. Rabin kuɗin daga jarin shago zan cire. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Sama da shekara ashirin ke nan ina aikin ƙiyasta darajar gidaje da filaye, kuma hanyar nan ta Madina zuwa Adenta, Pantang, Ayi Mensah, a hau Peduase, na bi ta har ban san adadi ba. Don haka na san abin da ya same ka a barandar nan. Mutum ya baro zafin Akra da hayaƙin trotro, ya tsaya a wurin da iska ke kaɗa masa riga, ya ga fitilun gari sun bazu a ƙasa har bakin teku, a ransa ya riga ya saya. Lissafin da ke biyo baya neman hujja ne kawai. Dillalai sun san haka, shi ya sa suke kai mutum da la'asar sakaliya.

Ba kai ne farkon wanda dutsen nan ya ja ba. Turawan mishan na Basel da zazzaɓi ya yi ta kashewa a bakin teku, Akropong suka hau a 1835 don su tsira da rai. Gwamnatin Ingila ta buɗe lambun Aburi a 1890, Nkrumah ya gina masaukin shugaban ƙasa a Peduase. Sanyin gaskiya ne, ba dillali ya ƙirƙiro shi ba. Abin da nake so ka raba shi ne wannan: a cikin tambayarka ciniki biyu ne aka ƙulle a ƙulli ɗaya. Akwai gidan da za ka huta a ciki, akwai gidan da zai kawo maka kuɗi. Dillali ya haɗa su ne don in ka ga lissafin kuɗin bai fita ba ka ce ai ko ba komai za mu huta, in ka ga ba ka samun zuwa hutun ka ce ai ko ba komai jari ne. Da haka mutum yake shekara goma yana ciyar da gida bai taɓa zama ya tambayi kansa ko riba yake yi ba. Mu kwance ƙullin, mu auna kowanne shi kaɗai.

Mu fara da kuɗin. Dillali ya ce kwana 20 a wata. Wa zai kwana a Aburi ranar Talata? Baƙon da ya zo Gana don aiki yana sauka ne a Osu, Cantonments, East Legon ko kusa da filin jirgi, inda taronsa yake. Masu hawa dutse mutanen Akra ne da ke son canza iska daren Juma'a da daren Asabar, sai masu ɗaukar hoton aure, sai 'yan ƙungiyar coci ko ofis da ke zuwa taron kwana biyu. Shekara tana da mako 52, ka ga dare 104 ke nan ko da kowane ƙarshen mako ya cika, kuma ba ya cika. Daga Mayu zuwa Yuli ruwa ne da hazo, wani lokaci da safe ba ka ganin motar da ke gabanka, balle Akrar da aka sayar maka da ganinta. Da hunturu ya shigo ƙura takan rufe hangen. Lokacin da kasuwa ke ci sosai shi ne Disamba, musamman tun bayan 2019, shekarar da gwamnati ta gayyaci 'yan asalin Afirka da ke ƙetare su dawo gida, sai kuma Ista. Mu yi wa gidan adalci mu ba shi dare 70 a shekara, wanda ma sai an tashi tsaye da talla. Dala 7,000 ke nan, ba 24,000 ba.

Daga ciki a cire albashin mai kula da gida, da mai shara da wanki bayan kowane baƙo, da kuɗin wutar kamfanin lantarki na ECG, da man janareta ko gyaran sola, da intanet, domin baƙon yanzu yakan tambayi wayifai kafin ya tambayi banɗaki. A cire kason Airbnb da na yaron da zai riƙa amsa saƙon baƙi ƙarfe ɗayan dare, tunda na san ba kai za ka yi ba. A cire harajin gida na asambile, wato ƙaramar hukuma, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Gidan da aka ba ɗan haya ya zauna, ana biya wa hukumar haraji ta GRA kashi 8 cikin ɗari na kuɗin hayar, amma saukar baƙi na kwana ɗaya biyu kasuwanci ne, yana buƙatar lasin daga hukumar yawon buɗe ido, akwai kuma harajin kashi 1 cikin ɗari da dokar 2011 ta ɗora. A gidajen da na taɓa riƙe wa mutane littafinsu, rabin abin da ya shigo yakan tafi a irin waɗannan. Saura dala 3,500. Raba 120,000 da 3,500, za ka samu shekara 34 da 'yan watanni. Ban sa kuɗin gadaje, kujeru, firji da labule ba, waɗanda baƙi za su kashe maka su cikin shekara huɗu ko biyar. Ban kuma sa shekara irin ta 2020 ba, da aka kulle Akra da Kumasi mako uku, aka rufe filin jirgi har watan Satumba, masu irin waɗannan gidaje suka yi ta biyan mai gadi daga aljihu.

Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin sau nawa dala 60,000 ke juyawa a shago cikin shekara, daga odar kwantena zuwa sayar da ita. Kuɗin da ke juyawa sau biyu ko uku a shekara ne za ka binne a wurin da ribarsa ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. A cikin tambayarka babu jimlar da ta tayar mini da hankali kamar wannan ta rabin kuɗin daga jarin shago.

Wani zai ce ai ba haya ake nema ba, darajar gida ce ke tashi. A nan sai an yi hankali, domin abin da ke tashi ƙasa ce. Gini tsufa yake yi, kuma a kan dutse tsufansa da sauri yake. Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani bawan Allah da ke zaune a Jamus ya aiko ni in duba masa gidansa a gefen Mampong da ke kan wannan dutsen, don yana so ya sayar. Wata huɗu kacal aka yi ba a buɗe shi ba. Da mai gadin ya murɗa makulli, ƙofar ta ƙi buɗuwa, katakon ya sha laima ya kumbura, sai da muka sa kafaɗa. Warin da ya tare mu irin na tabarmar da ruwa ya jiƙa aka naɗe ce. Na buɗe wadirob, takalman fata guda biyu da ya bari sun yi fari fat da fumfuna kamar an barbaɗa musu gari. Katifa ta yi ɗige-ɗige baƙi. Fentin bangon da ke jingine da dutse ya yi ƙuraje, in ka danna da yatsa sai ya zubo. A silin ɗin falo akwai taswirar ruwa, domin ganye ya toshe magudanar rufi. A bayan gida kuma katangar da ke tare ƙasa ta tsage daga sama har ƙasa, na zura biro a tsagar ya shige. Wanda ya gina ta bai bar ramukan da ruwa zai riƙa tsiyaya ba, ruwan damina ya taru a bayanta yana turowa. Gyaran katangar nan kaɗai ya fi duk sauran tsada. Mai gidan yana can yana lissafin cewa dukiyarsa na hauhawa.

Iskar da ta burge ka ita ce ke ɗauke da wannan laimar. Gida a kan dutse yana son a zauna a cikinsa, a buɗe tagogi kullum, a kunna fanka, a share magudana. Wannan ya kawo mu kan mai kula da gida, wanda shi ne ainihin mai gidan, kai baƙo ne. In ka dace da mai amana, ka riƙe shi hannu bibbiyu, ka biya shi da kyau. In ba ka dace ba, za ka zo ba zato ka tarar ƙaninsa ya tare a ɗakin yara, an shanya rogo a baranda, ko kuma ana ba da gidan haya a bayan idonka kuɗin na shiga momo, wato asusun waya, na wani. Ba mugunta ce ta mutanen wurin ba, ko a Nima ka bar gida ba kowa haka za ta faru.

Sai ruwa. Kada ka yarda da famfon da aka murɗa maka ruwa ya zubo, tanki aka cika jiya saboda zuwanka. Tambayi maƙwabta sau nawa ruwan gwamnati ke zuwa. In bohol ne, a nuna maka zurfinsa da yadda yake yi a watan Fabrairu, domin haƙa a cikin dutse tsada gare shi kuma ba kowane rami ke ba da ruwa ba. In tanka ce ke kawowa, je ka ga ko tana iya hawa hanyar gidan da damina. Babban titin Aburi lafiya lau yake, ko da yake duwatsu kan gangaro a tsakanin Ayi Mensah da Peduase in an yi ruwa mai ƙarfi. Matsalar tana ɗan guntun da ke tsakanin kwalta da ƙofar gida. Mita ɗari biyar na jar ƙasa mai gangara ya isa ya hana ƙaramar mota zuwa wata uku a shekara, kuma baƙon da motarsa ta maƙale sau ɗaya zai rubuta a intanet kowa ya karanta. Ka kuma sa injiniya ya duba ginshiƙan gidan. Layin tsagewar ƙasa na Akwapim yana bin wannan dutsen, girgizar da ta rusa gidaje a Akra a 1939 ba tatsuniya ba ce, kuma har yanzu ana jin ƙananan motsi jefi-jefi.

Yanzu takardu, inda na fi so ka nutsu, domin a nan ni kaina na taɓa ƙonewa, duk da aikina ne. Shekarun baya na sayi fili a kan wannan dutsen daga hannun wani dattijo da aka gabatar mini a matsayin shugaban iyali. Na biya, aka ba ni indenca, wato takardar cinikin fili, da taswirar safiyo, na kai bulo. Da na koma bayan sati biyu, an rubuta da jan fenti a jikin bulon cewa a tsayar da aiki. Ashe iyalin ɓangare biyu ne, kowane ɓangare da wanda yake kira shugaba, kuma rigimarsu ta girmi zuwana. Na yi bincike a ofishin filaye, ya fito ba sunan kowa, na ɗauka shi ke nan. Abin da ban yi ba shi ne in zauna da matar da ke soya ayaba a bakin hanya in tambaye ta filin wane ne. Ita ta sani tun ranar farko. Shekara shida muna hawa da sauka kotu, a ƙarshe na sake biyan ɗaya ɓangaren don in huta.

Don haka ka riƙe waɗannan. A yankin Akuapem, inda Aburi take, filaye da yawa na iyali ne, kuma sa hannun shugaban iyali shi kaɗai bai wadatar ba, sai da manyan gidan. Aburi tana Jihar Gabas, binciken Hukumar Filaye a Koforidua ake yinsa, in kuma filin yana kusa da iyaka da Akra, a bincika ofisoshin biyu. Ka ɗauki safiyonka na kanka ya auna filin, kada ka yi bincike da taswirar mai sayarwa, domin taswira tana iya nuna wani wuri dabam da wanda aka tsayar da kai a kai. Binciken ofis yana faɗa maka abin da aka yi rajista ne kawai, bai san rigimar cikin gida ba, sai lauya ya leƙa kotuna, kai kuma ka sha hira da maƙwabta. Ka sani kuma ba mallaka ta har abada kake saye ba. Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana hakan a ƙasar sarauta, Dokar Filaye ta 2020 ta haɗa har da ta iyali. Haya ce mai tsawo, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, saboda haka tambayi shekara nawa suka rage a takardar. Wanda ba ɗan ƙasa ba iyakarsa shekara 50, abin da ya kamata 'yan uwanmu da ke riƙe da fasfon Nijar ko Najeriya su sani kafin su biya. Dokar ta 2020 ta kuma ce dukiyar da aka saya cikin zaman aure ba a sayar da ita sai da rubutacciyar yardar abokin zama, don haka in mai gidan yana da mata, a ga sa hannunta. A nuna maka takardar izinin gini daga asambile. Kuma in ka ga samari majiya ƙarfi zaune a ƙarƙashin bishiya kusa da filin ba su aikin komai, juya motarka. Doka ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu gadin fili da ƙarfin tuwo da masu ɗaukarsu aiki, amma ganinsu alama ce cewa akwai wanda ke jayayya.

Batun dala ma kada a wuce shi. Farashin gidan da dala aka faɗa maka, alhali kuɗin shagonka sidi ne, baƙinka ma yawancinsu sidi za su biya. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Wannan ne ya sa kowa ya ruga neman ƙasa da bulo, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a 2025 abin ya juya, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan makonni. Wanda ya canza sidinsa ya sayi gida da dala gab da wannan saukar, in ya sayar a kan dalar da ya saya, kusan kashi ɗaya cikin uku na sidinsa ya tafi. Gida yana kare mutum daga faɗuwar kuɗi in an riƙe shi shekaru masu yawa. Ranar da kwantenarka ta iso Tema kana neman kuɗin fito cikin sati ɗaya, gidan Aburi ba zai taimake ka ba. Masu sayen gidan hutu 'yan kaɗan ne, kuma ba su gaggawa. Gidan Mampong da na ba ka labari ya haura shekara biyu a kasuwa, kuma da aka sayar, ƙasa da abin da mai shi ya kashe ne.

In kana so ka ga ƙarshen irin wannan ginin, hau Kwahu. Daga Nkawkaw ka hau zuwa Obomeng, Mpraeso, Obo, Abetifi, ka ga manyan benaye da 'yan kasuwar Kwahu na Akra suka gina, wasu ma maƙwabtanka ne a Abossey Okai. Da Ista garin ba masaka tsinke, ga masu tashi da lema daga dutsen Atibie tun 2005. Koma bayan sati biyu, tagogi a rufe, mai gadi da karensa. Sai dai su ba su yaudari kansu ba. Garinsu ne, can za a yi jana'izarsu, gidan suna ne da mutunci, babu wanda ya kira shi jari. Kai ba ka da ko kabarin kaka a Aburi.

To mu ajiye jari, mu auna hutun, domin shi ma haƙƙinka ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shaƙar ƙurar Abossey Okai bai yi laifi ba in ya nemi inda zai miƙe ƙafa. Tambayar ita ce dare nawa za ka kwana a can. Ɗauko kalanda ka duba Asabar da Lahadin wata ukun da suka wuce. Asabar shago a buɗe yake. Lahadi kuwa, a zango, ranar ɗaurin aure ce, da suna, da addu'ar bakwai ko arba'in, da taron ƙungiya, kuma mutum irinka in ba a gan shi ba sai an yi magana. Watan azumi ba za ka bar masallacin unguwa da tafsiri ka tafi inda sai ka shiga mota kafin ka samu sahu ba. Ranar Salla Hajiya ba za ta yarda a kai ta kan dutse ba alhali 'yan uwa na shigowa gaisuwa. Yara za su yi murna zuwan farko da na biyu, a na huɗu za su ce ba abokansu. Abin da na saba gani, shekarar farko ana zuwa kusan kowane wata, ta biyu ana zuwa in an yi baƙi daga waje, ta uku sai a waya.

Mu ce kai ka fi haka, kana kwana 20 a shekara. Riƙe gidan, ko da ba a saukar da baƙo ko ɗaya ba, mu sa dala 4,000. Kuɗin da ka binne, da suna shago, ko kashi 10 cikin ɗari kawai suke kawowa, dala 12,000 ne. Jimla 16,000. Raba da 20. Kowane dare da ka kwana a gidanka ya ci maka dala 800, a unguwar da dillalin da kansa ya ce ana kama gida da dala 100. Da kuɗin dare uku za ka kama gidan wani duk tsawon kwana ashirin ɗin, fumfuna da katanga kuma matsalar mai gida ce. Bana Aburi, baɗi Akosombo a bakin ruwa, wata shekarar Amedzofe.

Akwai abu ɗaya da ke gefenka, kuma adalci ne in faɗa. Wanda ba Musulmi ba, ranakun da yake son gidansa su ne ranakun da baƙi ke biyan kuɗi mai tsoka, Kirsimeti da Ista, dole ya zaɓi ɗaya. Kai waɗannan ranakun ba su dame ka ba, kana iya bayar da su gaba ɗaya. Amma ka san irin baƙin da Disamba ke kawowa. Za a sha giya a falonka, za a zo da matan da ba na aure ba, da safe mai shara ta kwashe kwalabe a ɗakin da kake shimfiɗa dardumarka. Kana iya rubuta sharaɗin cewa iyali kawai kake karɓa kuma ba giya, wasu na yi, amma dare 70 ɗin nan zai ragu sosai. Wannan hukunci tsakaninka da malaminka ne, ni dai na ga alhazai biyu da suka rufe harkar saboda zuciyarsu ba ta kwanta da kuɗin ba. Ka tambaye shi har da zakka, domin niyya tana canza hukunci: gidan zama ba a fitar masa, na haya daga kuɗin hayar ake fitarwa in sun kai nisabi shekara ta zagayo, wanda aka saya don a jira tsada a sayar kuma a mazhabarmu ta Malikiyya yana da nasa bayanin. Rancen banki ban ma kawo shi ba. Ko an ajiye batun riba a addini, kuɗin ruwan da bankunanmu suka yi ta karɓa a 2023 da 2024, wajen kashi 30 cikin ɗari, ba gidan hutun da zai iya biyansa.

Ga shawarata kai tsaye. Da kuɗin shago, kada ka saya. In abin da kake nema dukiya ce da za ta riƙa kawo wani abu kuma yara su gada, rabin da ke hannunka ya isa ka fara ginin ciki da falo guda huɗu ko shida a ƙasan dutsen, wajen Oyarifa, Frafraha ko Oyibi, inda ma'aikata ke neman ɗaki ido rufe. Ba wanda zai ɗauki hotonsa ya sa a Facebook, amma ɗan haya yana zama shekara da shekaru, yana share tsakar gida da kansa, kuma ranar rabon gado ɗakuna shida sun fi gida ɗaya a kan dutse sauƙin kasawa tsakanin 'ya'ya. In dutsen ne ya shiga ranka kuma ka yarda garin zai ci gaba da hawa, wanda ni ma na yarda, sayi fili mai tsabtar takarda kusa da kwalta, ka katange shi, ka sa a noma shi don kada a ga kamar ba mai shi. Ƙasa ba ta yin fumfuna. Akwai kuma hanya ta uku, a sayi gida a ba ɗan haya na shekara, irin malaman jami'ar Ashesi da ke Berekuso ko masu aiki a Akra da ke son kwana a sanyi, sai dai a nan ka sallama hutun gaba ɗaya.

Wanda nake ce wa ya saya ba tare da na yi masa dogon lissafi ba shi ne mutumin da ya aurar da yara, ya miƙa shago, yake so ya koma can da zama, ko wanda kuɗin rarar da ba ya jin ta ce, kamar yadda wani ke sayen babbar mota ya san ba za ta haihu ba. In kana cikin waɗannan, Allah ya sanya alheri, ka saya ka ji daɗinka, amma a littafinka ka rubuta shi a shafin kashewa.

Kafin ka ba dillali ko sidi ɗaya na kafin alƙalami, yi wannan gwajin mai arha. Kama gida a unguwar, ko ma shi wannan ɗin in mai shi ya yarda, ka kai Hajiya da yara sau uku: sau ɗaya a watan Yuni cikin ruwa, sau ɗaya a tsakiyar mako ka sauko shago da safe ka ga abin da cunkoson Adenta da Madina zai yi maka, sau ɗaya kuma a ƙarshen makon da ake biki a zango, ka ji yadda wayarka za ta yi ta ƙara. In bayan haka har yanzu kana so, turo mini hoton indencar da taswirar in duba. Ranar da za mu je ganin gidan kuma kada ka gaya wa dillali sai muna Ayi Mensah, don kada a riga mu buɗe tagogi. Mu tafi da safe bayan an kwana ana ruwa, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, domin ta bayan gida za mu fara.